Faifan Kofi Daga Rigar Alhaji

Ku gyara zama, ku ara mani kunnuwanku. Ba tatsuniya zan yi maku ba, ko da yake da bakin tatsuniya na iya magana. Wannan a kaina ya faru.

Shekarar da mutanen daji suka kashe ɗana yana sharar gona, can yamma da Faskari, muka baro ƙauye mu huɗu: ni, da matar ɗan nawa da cikinta wata biyar, da ɗiyanta mata biyu. Muka sauka Ƙanƙara. Akwai wani Alhaji mai sayen hatsi, shi ke ɗaukar masarar maigidana tun marigayin yana da rai. Shi ya buɗe mana ɗaki guda a bayan gidansa, inda yake tara buhuna. Ya ce, "Iya, ku zauna har ranar da kuka gaji da mu." Ɗakin yana da ƙyaure, kwanonsa ba ya yoyo. Abin da ya rage mana a duniya ke nan, ga damina tafe, ga haihuwa tafe.

Ni tun ina yarinya faifai nake ɗinki. To kaba a daji take, daji kuwa ya zama na wasu. Hannuna ya rasa abin yi. Ka ci tuwon mutum safe da yamma ba ka da abin miƙa mashi, abin yana cin rai.

Wata rana na shiga gaida Hajiya, matar Alhaji, na iske tana faɗa. Wai kofin ruwan sanyi ya bar mata zobe a kan teburinta mai sheƙi. "Kullum in goge, kullum su ɗora!" Na dubi zoben, bai wuce tafin hannu ba. Na ce a raina, ai ɗan faifai wannan yake so.

Maƙwabciyarsu tela ce, ita ke ɗinka wa gidan kaya. Na roƙe ta guntayen ƙyallen da take sharewa a ƙarƙashin keke. Sai in warware tsohon buhun taki, in haɗa zarensa ya yi kaurin ɗan yatsa, in yanka ƙyalle siri-siri in naɗe shi ruf. Daga nan in fara murɗawa daga tsakiya, ina zagayawa ina kamawa da basilla, kamar dai faifai. Idanuna sun yi yana, amma yatsu ba su manta ba. Da na kai wa Hajiya na farko ta juya shi, ta ɗora kofi, ta ɗaga, ta ga tebur a bushe.

"Iya! Ashe 'yar gayu muka ajiye a bayan gida ba mu sani ba."

Ranar na yi dariyar da ban yi ba tun barinmu ƙauye.

Da ƙaramar Salla ta matso, tela ta yanka kayan gidan gaba ɗaya. Sai dabara ta zo mani: in yi wa kowa nasa da ragowar yadin kayansa, kowa ya gane faifansa. Na Hajiya da leshinta, na yara da atamfarsu, na Alhaji da shuɗiyar shaddarsa. Matar ɗana ta gan ni ina ware su, ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Iya, ƙyallen rigar mutum fa? Kin san mutane."

"Ke tafi can. Wanda ya rufa mana asiri zan yi wa mugunta?"

Ba rashin sani ba ne. Ni uwata ta koya wa in binne gashin da ya zuba wurin kitso, kada in bar ƙyallen zanena a hannun wani, don da irinsu ake yi wa mutum sammu. Na san wannan sarai. Na dai ɗauka na zama 'yar gida. Aka karɓa, aka yi godiya. Alhaji ma ya aiko a ce mani ya ga nasa.

Bayan Salla da mako uku, Alhaji ya faɗi a wurin alwala. Baki ya karkace, ɓari guda ya mutu, magana ta ɗauke. A asibiti suka ce hawan jini ne. Aka dawo da shi gida, aka kwantar.

Yayarsa ta zo jinya daga Ketare. Kwana biyu da zuwanta, da hantsi, aka aiko kirana. Na iske matan gida da na maƙwabta a tsakar gida, ita tana tsaye, faifan Alhaji a tafin hannunta. A ƙarƙashin kofin maganinsa ta same shi.

"Baiwar Allah, wannan aikinki ne?"

"Nawa ne."

"Yadin wa?"

"Na rigar Sallarsa."

"Kun ji da bakinta. Ta naɗe rigar ƙanena ta ɗinke, kullum yana shan ruwa a kai. Shi ya sa ya ce su zauna har su gaji. Wa ya taɓa jin an ce wa baƙo haka?"

Ta sa aka kawo reza. Ta yanke ɗinkin, faifai ya warware ya zama igiya, ta bi shi tana tsagawa har ƙarshe. Ba laya, ba gashi, ba komai sai zaren buhu. Na ce to, Alhamdu lillahi, an gani. Sai ta kakkaɓe hannu ta ce, "Yo da ma wadda ta ƙware za ta bar abin da ido zai gani?"

Na juya wajen matar Alhaji. Ita ta san mafarin abin, ita ta yi mani raha a kan teburinta. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi.

Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Aka kira limamin unguwa, ya tsaya daga zaure, ya ce ba sai an kai ga rantsuwa ba, ciwo na Allah ne, a ji tsoron zato. Kowa ya ce haka ne, Malam. Yana juya baya aka tattara faya-fayan gidan duka aka zuba a murhu.

Ba wanda ya kore mu da baki. Kwana uku bayan haka Hajiya ta zo ƙofar ɗakinmu da kanta, da kwanon shinkafa. Ba ta shigo ba. Ta ce masu dubiya sun yi yawa, dangi na zuwa daga nesa, ba wurin kwana. Ta ce, "Iya, ki yi haƙuri, abin ya fi ƙarfina." Na ce ba komai, mun gode da abin da aka yi mana. Na roƙa a bar ni in yi wa Alhaji sallama. Da ya gan ni ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana motsa shi. Har yau ban sani ba, kirana yake ko cewa yake in fita.

Muka koma wani kango a bakin gari, gini ne da ba a gama ba, ba ƙofa ba taga, rabinsa kawai aka rufe. Nan ruwan farko ya same mu, nan matar ɗana ta haihu.

Sauran kuma ga yadda ta kasance da kowa. Jaririn namiji ne, ya yi kwana goma sha ɗaya, sanyi ya shiga ƙirjinsa ya koma. Uwarsa ta gama wanka, 'yan'uwanta suka zo daga Sabuwa suka tafi da ita da ɗiyan biyu, ban hana ba. Alhaji ya yi shekara biyu a kwance, bai ƙara furta kalma ba har Allah ya karɓi abinsa. Yayarsa tana nan Ketare da ƙarfinta. Hajiya takan aiko mani da nama duk babbar Salla, amma ƙafarta ba ta taɓa takowa ba. Tela ta rasa masu kawo ɗinki na ɗan lokaci, yanzu kowa ya kawo ɗinki sai ta ƙulle mashi guntayensa a leda ya tafi da abinsa. Ni kuwa ina cikin kangon, ina tsince wa mutane wake. Mai ginin ya aiko cewa bana bayan kaka zai zo ya ƙarasa rufi, in fara neman wuri.