Wata Biyar Ina Ciyar da Masu Ciki

Shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da waace a bakin titi a unguwar Sakasaka ta Tamale, wake da shinkafa da suka sha karan dafi har suka yi jawur. Kowa ya san ni: hannuna a buɗe yake, bakina ma haka. Shi ya sa na ji haushi ranar da mai kokon da ke zama kusa da ni ta leƙa fuskata ta tuntsire da dariya.

"Hajiya, asirinki ya tonu! Hazbiya ce wannan. Wace mai cikin kika hana abinci?"

A wurinmu haka ake cewa, duk wanda mai ciki ta yi kwaɗayin abincinsa ya hana ta, ƙurji zai fito masa a fatar ido. Na ce ta kama kanta, ni ban taɓa hana kowa ba. Amma da na koma gida sai na tuna wata mai tsohon ciki da ta zo bayan na kankare tukunya, na ce mata ya ƙare. To, ai ya ƙare ɗin ne! Duk da haka abin ya tsaya mini a rai.

Washegari na kafa doka: duk mai ciki faranti ɗaya kyauta, har da ƙwai da shito, yajin nan namu da ake soyawa da mai. Kai, mutanen Tamale! Kafin mako biyu labari ya kai har unguwar Choggu, yalo-yalo, kekunan hayan nan masu ƙafa uku, na sauke mini su bibbiyu. Wata ma na rantse zane ta cusa a riga, amma na zuba mata.

Wata biyar ina wannan aiki, kumburin ko gezau. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, ba ruwa. Jaja-jaja ne, da tauri kamar ƙwayar gyaɗa, a fatar idona na hagu ta sama. Na gasa da ruwan ɗumi, na daina sa kwalli, shi kuwa sai nauyi yake ƙarawa har fatar ta sauko ta rufe rabin idon. A nan tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ga idon nan zai tafi ina kallo.

Wata nas 'yar kudu, Kirista, ta zo da cikinta na wata bakwai. Na ce ta mayar da kuɗinta, ta tambayi dalili, na gaya mata. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye farantin, ta wanke hannu, ta taɓa wurin a hankali.

"Mma, tun yaushe?"

"Wata biyar."

"Hazbiya tana ciwo, kuma ba ta daɗewa haka. Gobe ki zo asibiti, sashen ido. In ba ki zo ba, ni zan zo in ɗauke ki, da cikina da komai."

Na je. Likita ya yanki ɗan nama aka tura gwaji. Da sakamako ya dawo ya ce sunan abin limfoma, wani irin ciwon daji na ƙwayoyin jinin da ke tsare jiki, kuma ba kasafai yake fitowa a fatar ido ba. Aka duba sauran jikina, bai bazu ba.

Na ce, "Likita, bar dogon turanci. Idon zai tsira?"

Ya ce, "In kin je Kumasi an yi miki gashi da inji, ina sa rai sosai."

"To rubuta takardar."

Makonni na yi a can wurin ƙanwata. Kullum su rufe ƙwayar idon da ɗan murfi, su ce kar in motsa, kar in yi magana. Ni fa! Wannan ya fi gashin injin wahala. Kumburin ya riƙa sacewa, gashin idon ya zube, har yau kuma sai na ɗiga magani saboda bushewa.

Ranar da na koma sana'a, bayan sallar asuba gari ya yi haske, na zuba wake a faifai zan tsince. Sai na sa tafin hannu na rufe idon dama. Da na hagu kaɗai na bi faifan nan tas. Tsakuwa tara na fitar, har da wata 'yar mitsitsiya mai launin waken kansa. Na riƙe ta a hannu, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da likita ya faɗi sunan ciwon.