Totuwar Mama Kande

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin asibiti, amma ban taɓa mantawa da wata safiyar Agusta ba, a tsakiyar shekarun 1970, lokacin ina ƙaramin kuku a wani asibitin mishan da ke wajen Kafanchan, ta hanyar Kagoma. Ku da kuka tarar da gas da lantarki, sai na ɗan yi muku bayanin yadda muke aiki kafin ku gane abin da ya faru.

Likita ɗaya ne gare mu. Ƙarƙashinsa akwai Sista babba, sai nas-nas, sai odali, sai mu 'yan ɗakin girki, sannan leburori masu shara da ɗauko itace. A ɗakin girkin akwai wani babban murhun ƙarfe mai ƙofa biyu da bututun hayaƙi. A kansa ake dafa abincin marasa lafiya, a kansa kuma ake tafasa kayan tiyata, wato almakashi da allurai da wuƙaƙe. Doka ce, sai ruwa ya tafasa sannan a fara ƙirga minti ashirin, kafin nan likita ba zai taɓa kayan ba. Hura murhun nan kowace safiya aikina ne.

A makon nan ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba. Iska ta yaye jinkar rumfar itace, duk itacenmu ya sha ruwa. Motar da ke kawo mana kananzir daga gari kuma ta kasa ƙetare rafi, rishon ɗakin tiyata ya zama kwano kawai.

Wajen ƙarfe bakwai wasu Fulani suka iso da wata mata a kan makara ta kara, sun lulluɓe ta da tabarma. Tun jiya take naƙuda a ruga. Likita ya duba ta, ya ce sai an yi aiki. Sista babba ta shigo ɗakin girki da tukunyar kayan a hannunta.

"Bulus, ina wuta?"

"Sista, tun ɗazu nake fama. Itacen ya jiƙe."

"Ban tambaye ka itace ba. Matar nan ba za ta jira rana ta fito ba."

Na tuttula ɗan kananzir ɗin da ya rage a fitilar ɗakin, ko da yake an hana mu yin haka. Wuta ta tashi bal, ta lashe man, ta mutu, ta bar ni da hayaƙi. Na cusa tsohuwar takarda, ita ma haka. Ashana ta rage tsinke huɗu.

Ana cikin haka Mama Kande ta shigo. Gwauruwa ce 'yar Jaba, ta haura hamsin, aikinta shara da wankin daɓe. Mun san ta da tsince-tsince. Idan an gasa masara sai ta tattara totuwa, idan an tashi daga sujada sai ta kankare guntun kyandir ta ƙulle a bakin zani. Mukan yi mata dariya, ni ma ina cikin masu yi.

Ta ajiye wani tsohon gwangwanin madara a gefena ta ce, "Ɗana, matsa. Ka kashe wutan da yawan itace."

Ta buɗe gwangwanin. Totuwoyi ne a jere, kowace an naɗe ta da tukar kwakwar manja, wato zaren nan da ke saura bayan an matse mai, an kuma tsoma ta cikin narkakken kyandir da ƙaron atili. Ƙamshin ƙaron ya cika ɗakin.

Ba ta kunna ba tukuna. Da farko ta sa na kwashe duk itacen da na cusa, na kwashe jiƙaƙƙiyar tokar da ta toshe ƙasan murhun, na buɗe ƙaramar ƙofar iska. Sai ta miƙo mini gatari.

"Faskara wannan. Bayansa ne ya sha ruwa, cikinsa yana nan a bushe. Ka fere mini cikin, siriri kamar tsinken tsire."

Na faskara, sai ga shi kuwa cikin fari ƙal, a bushe. Ta ajiye totuwa biyu a tsakiyar murhu, ta jingina siraran a kansu kamar ana kafa bukka, ta bar ƙofa ta gaba. Tsinken ashana ɗaya ta ƙyasta. Tukar ta kama nan take, ƙaron ya fara tsartsatsi, wutar ta tsaya cak ba ta yi tsalle irin ta kananzir ba. Na sunkuya zan hura, ta riƙe kafaɗata.

"Bar shi ya ci. Totuwa ɗaya zai kai minti goma. Kai dai ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan."

Haka muka yi. Daga siraran muka koma masu kaurin yatsa, daga nan masu kaurin hannu. Manyan faskaren kuwa ta jera su a jikin murhun ta waje, suna shan zafi suna fitar da tururi, kafin layi ya zo kansu sun sha iska. Sista babba tana tsaye da agogo a hannu. Da murfin tukunya ya fara kaɗawa sai ta ce, "Yesu na gode," ta soma ƙirga mintinta.

Kafin ƙarfe tara muka ji kukan jariri daga ɗakin tiyata. Mama Kande ba ta ma tsaya ba, tuni ta ɗauki bokitinta ta tafi wankin baranda.

Bayan kwana biyar mijin matar, Malam Buba, ya dawo da ƙwaryar kindirmo da man shanu, ya ce na likita ne. Sista babba ta ce ya biyo ta. Ta wuce ofishin likita, ta kai shi har bayan ɗakin mata inda Mama Kande ke durƙushe tana goge daɓe.

"Malam, ga wadda za ka fara gaisarwa."

Ya cire takalminsa ya durƙusa. "Inna, Allah ya saka miki da alheri."

Kunya ta kama ta, ta rasa inda za ta sa hannunta mai kumfa. Ta ce, "Ni me na yi? Wuta ne kawai. Uwata a Nok haka yake yi kowane damina."

A taron ma'aikata na ƙarshen watan, likita ya ba da umarni cewa kowane ɗaki ya ajiye gwangwani guda na totuwar nan, kuma Mama Kande ce za ta koya mana haɗawa. Ranar Asabar muka zauna a gabanta, har da nas-nas masu satifiket, tana gyara mana naɗi, tana faɗa wa wanda ya cika kyandir. Ni na fi kowa shan faɗa, kuma ban ji haushi ba.

Daga baya na zama babban kuku, na horar da mutane da yawa. Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, wuta ba ta son gaggawa, kuma wanda zai hura ta gobe yau yake shiri. Na biyu kuma, tun daga lokacin duk wurin aikin da aka tura ni, bayan na gaida manya, sai na nemi mai shara na tambaye ta abin da ta sani wanda ni ban sani ba. Ban taɓa dawowa hannu wofi ba.