Sifanar da Baba ya bari a kan noti

Ƙarfe biyu saura minti goma na rana, wata Talata, na zare sifana daga jikin tayar wata mota na mayar da ita cikin akwatin kayan aiki. Na san lokacin daidai domin na duba agogon robar da ke hannuna, ina lissafin ko zan koma gida kafin lokacin Islamiyya. Wannan makon shekara tara ke nan cif. Shekarata goma sha uku a lokacin. Kafin a kira la'asar ta wannan rana, mahaifina, Malam Garba mai faci, ya rasu a hanyar Bakura. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Rumfarsa tana bakin tasha a nan Talata Mafara. Ba babba ba ce: injin ba da iska, bahon ruwa na neman inda iska ke fita, jak biyu, da akwatin ƙarfe mai launin kore. Direbobi sun san shi da jinkiri. Ba ya ɗaga mota sai a ƙasa mai tauri, sai kuma ya tokare sauran ƙafafun da dutse. Abokinsa Baba Mamman, direban da ke jigila tsakanin Maradun, Mafara da Bakura, shi ne kan gaba wajen yi masa tsiya. Baba kan ba mu labarin a gida yana dariya.

"Garba, mota ce hwa, ba amarya ba. Mi kaka ta shafa ta?"

"Amarya in ta yi hushi gidansu taka zuwa. Wagga in ta yi hushi, da kai za ta."

Yana da wata al'ada da kowane direba a tashar ya sani, ni kuwa ban sani ba. Idan ya sa taya, da hannu yake fara ɗaura noti har kowane ya zauna. Sai ya ɗan matse su da sifana motar tana kan jak, ba bi da bi ba, a'a, wannan sai wanda ke fuskantarsa. Matsewar ƙarshe sai an sauke motar, taya ta taka ƙasa. Idan wani abu ya ɗauke shi kafin wannan matsewa ta ƙarshe, kiran salla ko wata gaggawa, sai ya bar sifanar maƙale a kan noti. Duk wanda ya gan ta ya san aiki bai ƙare ba, ba a tayar da motar.

A gida Baba yake cin abincin rana, ban da ranar kasuwa. Ran nan ne karo na farko da Inna ta aike ni da kwanonsa. Na iske rumfar ba kowa, an tafi masallaci. Na ajiye kwanon a inuwa. Ga motar Baba Mamman a gaban rumfa, ga sifana ta yi tsinin waje daga tayar baya ta hagu, inda mai wucewa zai iya bugun ƙauri da ita, ko wani ya yi gaba da ita. Tun ina ƙarama ba na iya ganin abu a inda ba wurinsa ba in wuce. Na zare ta, na goge ta da tsumma, na jera ta cikin 'yan uwanta daidai da tsawonta. Na tafi ina jin na yi abin kirki.

Bayan salla Baba ya shiga wannan motar, kujerar gaba, zai je duba yayarsa da ba ta da lafiya a Bakura. Kusa da Birnin Tudu ƙafar motar ta fita, motar ta wuntsila. Fasinjoji sun ji raunuka, Baba Mamman ya karye a cinya. Baba kaɗai ya rasu.

A rana ta uku ta zaman makoki na ji ma'anar sifanar. Ina wanke kwanuka a bayan katangar zaure, direbobi suna magana ƙasa-ƙasa. Wani ya ce Garba bai taɓa sakin mota da noti a kwance ba, ai sifana yake bari don kada ya manta. Wani ya amsa cewa to ran nan dai mantuwa ta zo, ajali ba ya barin dabara. Na ci gaba da wanke kwanon da ke hannuna. Ina jin na wanke shi sau uku.

Ban faɗa wa kowa ba. Ba Inna ba, ba yayyena ba. Ba ni da yawan magana dama, don haka ba wanda ya lura shirun ya ƙaru. Abin da na yi shi ne na riƙa bin lissafin a kaina, shekara bayan shekara. Ya dawo daga masallaci, bai ga sifana ba, ya ɗauka ya gama. Ko kuwa direba ne ya duba bai gan ta ba, ya ce a shiga. Kowace hanya na bi, a hannuna take ƙarewa.

Yanzu ina shekara ta uku a karatun injiniyan injuna, kuma ba zan ce ban san abin da ya kai ni wannan fanni ba. A littattafanmu na iske Baba. Matse noti wannan sai wanda ke fuskantarsa, don wili, wato ƙarfen da taya ke kai, ya zauna daidai, yana nan. Matsewar ƙarshe bayan an sauke jak, tana nan. Sake duba noti bayan an ɗan yi tafiya, abin da direbobi ke kira fitinar Garba, shi ma yana nan. Har da wata sifana mai ma'auni da muka gani a ɗakin gwaji, wadda ke yin ƙara idan matsi ya kai, don kada a wuce. Baba ba shi da ita. A hannunsa ma'aunin yake. Bai yarda da abin da wasu ke yi ba, na zura bututun ƙarfe a sifana a hau kai a yi tsalle. Yakan ce ƙarfe ma yana gajiya. Littafin ya faɗi haka da kalmomi masu tsawo: ƙusar da noti ke hawa tana miƙewa idan an wuce ƙima, daga baya ta tsinke ba tare da gargaɗi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Tayoyi yanzu yawanci ba su da tib a ciki, faci ya zama aikin minti kaɗan. Wasu rumfuna sun sami bindigar iska mai ɗaure noti huɗu kafin mutum ya gama gaisuwa. Ina jin zai so saurin, ba zai yarda da shi ba. Tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su sun cika kasuwa, ana shafa musu baƙi su yi ƙyalli. Baba bai yi boko ba, amma ya san lambobi huɗun nan na gefen taya da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma yakan bi gefen da babban yatsa yana neman tsaga. Abin da ya fi canzawa shi ne hanyar kanta. A zamaninsa idan taya ta yi faci a daji, fasinjoji su sauka su zauna a inuwa, wani ya yi alwala, wani ya nemo dutse. Yau ba direban da ke son tsayawa tsakanin gari da gari, kowa ya san dalili. Ana gudu fiye da da, a kan tayoyin da suka fi na da tsufa. Aikin da ake yi masa tsiya a kai yanzu ne aka fi bukatarsa.

Bara ina cikin mota a tasha, za ni makaranta, ana canza mana tayar gaba. Direban, matashi ne da bai san Baba ba, bai kuma san ni ba, ya leƙa ya ce wa mai facin, "Ɗaure da kyau, malam, kada ka yi muna na Garba." Aka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba. Maganar ta riga ta zama ta tasha, kamar yadda ake cewa a cika iska. Mutumin da ya yi shekara kusan talatin bai saki mota da noti a kwance ba, sunansa ya zama sunan mantuwa. Idan ni ce na jawo, to laifina yake ɗauke da shi a kabari, ni kuma ina zaune a kujerar baya na yi shiru.

A hutun da ya wuce na tafi Maradun. Tambayoyi biyu na rubuta a littafina don kada kunya ta sa in juya su. Na iske Baba Mamman a ƙofar gidansa a kan tabarma, sanda a gefe. Bai sake tuƙi ba tun ran nan. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi yayyena ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi karatu, ya tambayi damina, ya sake komawa kan Inna. Ya sa aka kawo mini ruwa. Da gaisuwa ta ƙare na buɗe littafin, sai na ga ba zan iya karantawa ba. Na rufe, na faɗa masa abin da na yi da sifanar, ina kallon tabarma.

Baba Mamman ya ɗago ya dube ni.

"Kulu, shekara nawa kina ɗauke da wanga abu?"

"Tara, Baba."

"Inna lillahi. To wace ƙafa kika ji an ce ta fita?"

"Ba a faɗa ba. Tambayata ta farko ke nan."

"Ta gaba ce, ta dama. Garba bai taɓa ta ba. Ta baya yas sa min."

Ya ba ni labarin a hankali, bai nemi sauƙi ba. Ana gobe kasuwa an canza masa tayar gaba a wani wuri. An sa bututu, ƙato ya hau ya yi tsalle, ƙusa ɗaya ta tsinke, saura uku. Shi Baba Mamman ya mayar da marfin wili ya rufe. Ya san idan Garba ya gani ba zai bar shi ya ɗauki fasinja ba, ga shi ranar kasuwa, ya ce a ransa Laraba zai gyara. Yana kwance a asibiti ya ji abin da gari ke faɗa. Ya ji tsoro, ya yi shiru. Da ya warke maganar ta riga ta zauna, kowace shekara kuma buɗe bakin ya ƙara nauyi.

"Na bar ma mamaci kayana," in ji shi. "Ashe ba shi kaɗai na bar mawa ba."

Ya nemi gafarata, ya ce zai zo ya nemi ta Inna, kuma ya zo. Shi ne ya ce in rubuta a jarida, har da sunansa. Sunan dai na canza, sauran yadda ya faɗa ne. Ban ji haushinsa yadda na zata ba. Na san yadda shiru yake ƙara nauyi, ba sai an kwatanta mini ba.

Ban sani ba ko wannan rubutu zai kai ga direban da ya ce kada a yi masa na Garba. Maganar tasha ba jarida ke kashe ta ba. Rumfar Baba wani ne a cikinta yanzu, akwatin koren yana ɗakin Inna, jak ɗaya ya ɓace. Amma na zaga tashar da ido bayan na dawo. Masu faci biyu na gani, waɗanda suka zauna kusa da shi a da, suna matse noti wannan sai wanda ke fuskantarsa, suna jira mota ta sauka kafin matsewar ƙarshe. Ɗaya daga cikinsu ya tashi zuwa salla ya bar sifana a kan noti. Ba na jin ya tuna wurin wa ya gani. Abin da ya rage na Baba ke nan, a hannun mutanen da ba sa ambatonsa, yana kai fasinjojin da ba su san shi ba gida lafiya. Idan za a ce na Garba, wannan ne.

Ran nan a Maradun, tambaya ta biyu sai da na miƙe zan tafi na iya yin ta. Na ce ko da ba tayar ce ta fita ba, ina so in sani, da mahaifina ya dawo daga masallaci, ya lura babu sifanar?

Baba Mamman ya yi 'yar dariya, ta farko tun zuwana.

"Garba? Tun daga nesa. Ai don mu yaka barin ta, ba don kainai ba. Ya dubi tayar, ya dubi kwanon abinci, ya buɗe akwati ya iske ta an goge an jera. Ya ɗauko ya bi notin nan huɗu a gabana, ya sake bi. Sannan yac ce min, 'Mamman, Kulu ta zo. Yarinyar ga ba ta barin abu inda ba wurinshi ba. Ni ta ɗauko.'"