Kawu Ɗan-Ige da Tulin Albasa Huɗu

Duk wanda ya san Kawu Ɗan-Ige na Zauro, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya ɗaga ƙafa sai ya yi tambayar nan tasa: "Mu nawa munka yarda?" Ko miyar dare ce sai an tara gida an ji bakin kowa. Wata rana 'yan kuka suka fi 'yan kuɓewa, suka kuma fi 'yan yakuwa, amma da ya haɗa 'yan kuɓewa da 'yan yakuwa sai ya ga sun fi yawa, ya ce ba za a kaɗa kuka ba. Matarsa Inna Hurera ta dire masa tuwo gaya, ta ce, "To ci wanga, shi kowa ya ƙi shi daidai wa daida."

To wannan mutumin ne fa ya tsaya zaɓe, dab da samun 'yancin kai, neman kujerar wakilinmu a majalisar da ke zama Birnin Kebbi. Ba son mulki ya kai shi ba. Kowace damina gulbi sai ya ɓalle ya cinye mana shinkafa, shi kuwa jinga yake so a ɗaga a bakin fadama. Manyan 'yan takara uku ne: wani Alhaji mai kanti a Nassarawa, da malamin makaranta, da wani tela mai baki kamar rediyo. Ba wanda ya ambaci jinga. Kawu ya ce bari ya shiga, ko ba komai a ji kalmar a bainar jama'a.

Lokacin kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa, ka shiga bayan zana kai kaɗai ka jefa ƙuri'a. Alamar Kawu albasa. Yawon neman ƙuri'arsa kuwa abin kunya ne. A kan jaki yake tafe, kan hanyarsa ta kai albasa kasuwar Argungu, in ya ga taro ya ce, "Jinga dai," ya wuce abinsa.

Manyan nan uku suka yayyaga jama'a a tsakaninsu. Da aka ƙirga, malamin zaɓe, Malam Yohanna, wani Kirista mutumin Filato da ke aiki a Birnin Kebbi, ya miƙe ya ce mai albasa ya ci. Tela ya buɗe baki, karo na farko a rayuwarsa ba abin da ya fito. Kawu ya juyo ya ce mini, "Ɗana, wane mai albasa?"

Ya tasa Malam Yohanna gaba sai ya yi masa bayani. Bawan Allah ya kwance buhun albasar Kawu, ya yi tuli huɗu a ƙasa, ya nuna ɗaya. "Baba, wannan naka ne. Ka ga ya ɗan fi kowanne."

Kawu ya durƙusa, ya sa hannu biyu ya ture sauran ukun wuri guda. Suka tashi tsibi guda, nasa ya koma ɗan mitsitsi a gefe.

"Waɗanga hwa?"

"Waɗanda ba su zaɓe ka ba ke nan."

"Kuma ni na ci?"

"Haka dokar take, Baba."

"Inna lillahi. Wa yay yarda da dokag ga? Su nawa?"

Ya dawo gida ya ce ba zai hau kujerar da mafi yawa suka hana shi ba. Hankalinmu ya tashi ƙwarai, don in ya ƙi, maganar jinga ta mutu, ga damina ta ƙarato. Muna cikin lallashi sai ya fasa mana kwan: ashe shi ma ba kansa ya jefa wa ba, malamin makaranta ya ba, wai ya fi shi iya magana.

Inna Hurera ce ta gama da shi. Ta ce, "Malam, gode Allah mata ba su jefawa, da tulin naka ko miya bai yi. Gulbi kau bai tambayar mu nawa munka yarda. Tashi ka tahi."

Ya tafi, amma a kan sharaɗinsa. Ya bar mu da muka zaɓe shi, ya bi babban tulin gida gida. Sallamarsa ɗaya ce: "Ni na wanda ba ku so. Mi kuke so?" Wasu suka yi dariya, wasu suka ji kunya suka shimfiɗa masa tabarma. Ranar gayyar jinga har da tela, da kwando a ka. Shekarar nan muka yanke shinkafarmu cif.

Duk da haka bai taɓa yarda ya ci zaɓen nan ba. Har ya tsufa, in an kira shi wakili sai ya ce, "Na 'yan kaɗan."

Ranar jana'izarsa sahu ya cika fili ya gangara har kan jingar. Na tsaya ina duban jama'a, tambayarsa ta faɗo mini, sai hawaye. Kawu, ran nan dai tuli ɗaya ne, kuma duk naka. Allah Ya jiƙanka, Ya yarda da kai, Ya sa ka huta.