Ranar da Kawuna Ya Ba da Aron Kwamfutar Aikina

Shekarun baya kaɗan, lokacin da nake yi wa wani kamfanin ƙasar waje aikin fassara daga ɗakina a Kaduna, aka sa bikin 'yar kawuna a Lome. Kawun nan yayan mahaifiyata ne, tun yana saurayi fatauci ya kai shi Zongon garin, ya yi iyali a can. Mahaifiyata ba ta da lafiyar doguwar tafiya, sai ta ce ni zan wakilce ta. Na nemi izini a wurin aiki, suka ce in je duk inda na ga dama muddin aiki yana zuwa a kan lokaci. Amma kwamfutar tasu ce, cike take da takardun mutane, kada ta shiga hannun kowa. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Har hoto na ɗauka a tasha da jakata a kafaɗa, ina jin kaina wata babbar ma'aikaciya.

Da na isa sai na tarar ba wanda ya ɗauki abin da nake yi a matsayin aiki. In na buɗe kwamfuta a tsakar gida, mata su ce baƙuwa tana kallon fim, su turo min tiren albasa. Intanet ɗin gidan kuma rarrafe yake yi, don haka fassarar da na yi makonni a kanta tana cikin na'urar ban samu na tura ba, ga shi ranar Litinin ake jiranta.

Ranar Asabar da safe za mu tafi unguwar Adidogomé ƙarasa sayayyar amarya, kawu da kansa ya kira ni.

"Ɗiyata, gidan biki ne, kowa shiga yake yana fita. Kawo na'urar nan in ajiye miki a ɗakina."

Na miƙa masa da hannu biyu, har da godiya.

Bayan la'asar muka dawo, na je karɓa. Yana zaune cikin baƙinsa ya ce, "Ai tana Agoè," kamar mai gaya min inda aka ajiye buta. Wai a can unguwar Agoè aka kama wurin shagalin bikin, mai kiɗan kuma ɗan maƙwabcinsa ne, tasa kwamfutar ta mutu, uban ya tako da kansa har ƙofar gida yana neman aro. A Zongo kuwa in ana hidima, tabarmi da tukwane da kujeru da janareta duk yawo suke gida-gida, maƙwabci ba ya zuwa ya koma hannu rabbana. A wurin kawu, kwamfutata da babbar tukunya duk jirgi ɗaya ne.

Ban ko cire mayafin kasuwa ba na tari zemijan, wato ɗan acaɓarsu, sai Agoè. Tun daga bakin titi nake jin kiɗa. Na shiga na tarar da ƙaton mutum mai gemu ya jona kwamfutata da lasifiku yana rausaya kai. Da ya gane ni ce mai ita, sai ya washe baki.

"Ah, ma sœur, naki ne? Yana da mot de passe, ya ƙi buɗewa. Sai na kai ma réparateur a Amoutivé ya formater shi. Yanzu gudu yake, tu vas voir!"

Wato lambar sirri ta hana shi buɗewa, ya kai wa mai gyara, an wanke ta tas ke nan. Na fizge wayoyin, na duba. Babu fassarata, babu takardun kamfani, babu komai sai waƙoƙin biki. Shi kuma yana tsaye yana jiran in yaba masa.

Ban san yadda na koma Zongo ba. Na dai san a gaban baƙin kawu na tsaya na ce, "Kawu, amana na ba ka! Kai ka ce in kawo! Abincina ne ka ɗauka ka ba mai kiɗa!"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A kan ƙarfe kike ɗaga min murya? Ba ga shi a hannunki ba? Ko ƙwarzane babu."

Ranar Litinin na gaya wa kamfani gaskiyar abin da ya faru. Ba su yi faɗa ba. Cikin ladabi suka ce na'urarsu ta shiga hannun wanda ba su sani ba, in mayar musu da ita, aiki ya ƙare. Ina zaune ina kuka sai ga wayar mahaifiyata, labari ya riga ya kai Kaduna.

"Ki tashi yanzu ki je ki ba yayana haƙuri."

"Mama, aikina fa ya tafi."

"Aiki ana samun wani. Ni yaya ɗaya gare ni."

Na je. Na durƙusa a gaban mutumin da ya raba ni da aikina, ni da idanu a kumbure, na ce ya yi haƙuri na yi rashin kunya. Yana jan carbinsa ya ce, "Na yafe miki."

Na sha zaman gida kafin na sami wani aikin. Yanzu ko banɗakin tasha zan shiga, da jakata nake shiga, mutane na min kallon mai taɓin hankali, ban damu ba. Muna gaisawa da kawu duk sallah, ban kuma ce mugu ne ba. A Zongo dai har gobe sunana 'yar Kaduna marowaciya, wadda ta tsinka kawunta a gaban jama'a saboda aro.

Aikin na daɗe da haƙura da shi. Abin da har yau yake tafasa min zuciya shi ne wannan "na yafe miki" ɗin, da yadda na buɗe bakina na ce masa, "Na gode, kawu."