Furen Ƙuduji a Gonar Malam

Me zai sa mutum mai hankali, mai iyali, ya ajiye kwanon awo a kasuwar Dawanau ya koma zanen ciyawa? Maigidana ya rasu tun yaranmu suna ƙanana, ga ni yau ba haƙori, har yanzu ban samu amsa ba.

A shekarun farin nan ne. Hatsi ya yi wuya, Malam kan wuni a rumfa ba abin aunawa, sai ya riƙa zanen ganye a bayan takardar buhun siminti. Wani malamin gona ya gani, ya ce hukuma na neman irin wannan hannu, zai dawo. Bai dawo ba. Malam kuwa ya dawo gida gaba ɗaya.

Daga nan kayan girkina suka shiga uku. Zoɓona ya zama jan launi, shunin wankina ya zama shuɗi. Ni ma ban bar shi ba. Duk tafasa ko yaɗiyar da ya kawo zai zana, in ya tafi masallaci sai ta faɗa tukunya. Ya taɓa cin abin zanensa da tuwo, yana yaba miya, yana cigiyar ganyen.

Rigima ta gaske ƙuduji ya kawo ta, ciyawar nan mai shanye saiwar dawa. Ɗaya ya fito a gefen gonarmu, Malam ya ce ba mai taɓa shi sai ya yi fure. Gonakinmu kuwa a manne suke, layin lalle kawai ya raba mu da maƙwabci. In ƙuduji ya zubar da iri, dawarmu da tasa ta baɗi ta tafi, kuma ita ce kaɗai abincinmu.

Maƙwabcin, wani dattijo mai faɗa, ya zo da fartanya. Ya ce ya ga mai kiwon akuya, ya ga mai kiwon tantabara, bai taɓa ganin mai kiwon ƙuduji ba. Malam ya ba shi haƙuri, ya ce, "Baba, ɓarawo ma sai an ga fuskarsa ake gane shi." Ya kife abin da kwandon kajina, kajin suka koma kwana a madafa.

Kafin fure ya buɗe zazzaɓi ya kwantar da Malam. Gadin ƙuduji ya dawo kaina. Kullum da safe ina ɗaga kwando, dattijo na tsaye a kan iyaka da fartanyarsa, muna gaisawa kamar surukai.

Ranar da ya buɗe, wallahi kyakkyawa ne, ja-ja mai ruwan shuni. Ban jira ya yi iri ba. Na tuge shi har da saiwar dawar da ya kama, dattijo ya yi hamdala, na kai wa Malam a kan tabarma.

Ya sa na jingina shi da bango, na haɗa masa zoɓo da shuni. Ya rame har zobensa na zamewa. Na durƙusa ina riƙe masa takarda, hawaye suka ƙwace min, kamar yadda suke ƙwace min yanzu. Bai kai la'asar ba, Allah ya jiƙansa. Amma a lokacin nan da nake kuka, bai ko ɗago kai ba ya ce:

"Uwar yara, in kukan za ki yi, ɗan matsa can. Kina ɗiga min a kan furen."