Mai Fasa Dutse da 'Yarsa

Shekarun baya, farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, ko'ina ka duba a Abuja gini ake yi, aka ba ni aikin horar da ma'aikatan lafiya yadda za su koya wa iyaye rainon ƙananan yara. Da na gaya wa mahaifiyata, dariya ta yi har da riƙe ciki. "Ke da ko wanka ba ki taɓa yi wa jariri ba?" Gaskiyarta, lokacin ko aure ban yi ba.

A Garki muke karatun. Cikin ɗalibaina akwai wani dogon mutum da ya girme ni, kullum yana can baya ya harɗe hannuwa. Ranar da na miƙa masa 'yar tsana na ce ya nuna mana lallashi, da yatsu biyu ya riƙo ta. "Malama, ni fa allura na karanta." Na so in sallame shi, sai dai na daure.

Da lokacin gwaji ya zo, aka kai mu wani ƙaramin asibiti a Mpape. Wanda layi ya kawo gaban dogon ɗalibin nan wani mai fasa dutse ne, rungume da 'yarsa 'yar shekara biyu. Uwar ta rasu, yarinyar ta daina magana, abinci ma sai da ƙyar. Duk ta rame.

"Oga, ko na buge shi ba ya ci," in ji uban, da irin tasa Hausar.

Na san bakin ɗalibin nan. Na ce a raina yanzu zai wanke uban tas, mutumin ya fice, ba za mu ƙara ganin yarinyar ba. Har na yunƙura zan karɓe aikin, sai na ga ɗalibin ya cire takalmi ya zauna kan tabarma.

"Ɗan'uwa, zauna. Kai yaushe rabonka da cin abinci a natse?"

Uban ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan wandonsa. Ɗalibin ya bar shi ya gama, sannan ya ba shi fankon gwangwanin madara da cokali. "Kada ka kalle ni, ita za ka kalla. Duk abin da ta yi, kai ma ka yi."

An daɗe kafin ta miƙa hannu ta daki gwangwanin. Uban ya daka. Ta ɗago ta dube shi, ta sake. Ranar ba ta yi magana ba, amma ta karɓi kunu daga hannunsa.

Da muka koma bayan wasu watanni, ita ce ke zagaya layi a guje, uban na binta yana ba mutane haƙuri.

Na horar da mutane da yawa tun daga nan, har yabo na sha a taruka. Amma ba abin da ke cika mini zuciya kamar ranar gwajin nan da na koma na zauna a benci, domin ba a buƙace ni ba.